Ƙungiyar Injiniya Ta Ƙi Mutuwa

Matata takan ce ko gaishe ni aka yi sai na juya gaisuwar na duba bayanta. Ban taɓa musa mata ba. Aikina ne ya mayar da ni haka. A ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti nake aiki a nan Riyad, kuma a wurinmu sakamakon da ya yi kyau fiye da kima shi ake fara tuhuma. Da wannan halin na shiga wasan fantasi, na kuwa tarar kamar don ni aka ƙirƙiro shi.

Ga wanda bai sani ba, a waya ake yin sa. Za a ba ka kuɗin ƙarya ka sayi 'yan ƙwallo goma sha biyar daga ƙungiyoyin gasar Ingila, ka jera sha ɗaya, sauran su zauna a benci. Abin da suka yi a fili na gaskiya shi ne makinka. Wanda ka naɗa kyaftin, ninki biyu ake ba ka na makinsa. Gab da wasan farko na mako ake rufe ƙofa, kuma sai an rufe sannan za ka iya leƙa abin da abokan hamayyarka suka jera.

Garin nan ba ya ba baƙo abin yi da yawa. Daga aiki sai gida, sai masallaci, sai kanti, sai zafi. Fantasi ce ta ba ni abin da nake farkawa da ɗokinsa. A motar ma'aikata da safe ina bin labarin wanda ya ji rauni, lokacin cin abinci ina musu da wani ɗan Filifin abokin aikina, in kuma wani koci ya ce ɗan wasansa ɗan buguwa ce kawai ya samu, sai in yi murmushi, don ban taɓa yarda da maganar koci ba. Ina jin daɗin abin ƙwarai, ba na kuma jin kunyar faɗa duk da furfurar da ta fara fito mini.

Muna da ƙaramar gasa tamu, mu wajen goma, duk Hausawa: likitoci, ma'aikatan jinya, da wasu biyu daga ofishin jakadanci. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci sai mu haɗu a wani gidan abincin Yamanawa a Al-Oud, mu zauna a kan darduma mu kewaye farantin mandi, shinkafa da nama irin tasu, kowa yana yi wa ɗan'uwansa ƙarya a kan wanda zai naɗa kyaftin. Babbanmu shi ne Likita, dattijo mai sanyin magana, wanda ke zaɓen 'yan wasa bisa ladabinsu. Duk wanda ya yi wa alƙalin wasa tsawa, a ranar zai sayar da shi. Kullum yana ƙarshen teburin gasarmu, ko a jikinsa.

Sai kuma Injiniya. Bakano ne, masanin wutar lantarki a wani kamfanin gine-gine. Ni kuwa Bazazzagi ne, don haka ba sai na faɗi yadda muke ba. In na ce masa Kanawa sun sayar da kunyarsu a Kurmi, sai ya ce ai mu ko ta sayarwa ba mu taɓa samu ba. Shi mai goyon bayan masu shuɗiyar riga ne, ni na masu ja, kuma ya sha rantsuwa a gaban faranti cewa ko 'yan wasan duniya sun ƙare ba zai sa mai jar riga a ƙungiyarsa ba. Amma shi ne ya tarbe ni ranar da na sauka a ƙasar nan, shi ya yi ta zirga-zirga da ni har iƙamata, wato takardar izinin zama, ta fito, katifar da na fara kwana a kai ma tasa ce. Mutum ne mai bayarwa. Ban taɓa ganin ya roƙi kowa ko ruwan sha ba.

Shi ne kuma ya kai ni wurin mai askinsa, wani ɗan Sudan mai shago a wani lungu a Manfuha. Daga Jaradiya inda muke zaune akwai 'yar tafiya, amma hannun mutumin da daɗi. Bakinsa ne matsalar. Ba ya buga fantasi, sai dai yana da fatawa a kan kowane ɗan wasa, kuma in ya ce gabas, to ka nufi yamma ka huta. Duk da haka Injiniya ba ya rasa sa mutum ɗaya daga zaɓin mai aski a ƙungiyarsa. Na tambaye shi dalili, ya ce duk wanda ke ɗora maka aska a maƙogwaro ya cancanci a saurare shi.

Wata Juma'a, kakar wasa ta ɗan yi nisa, Injiniya ya wanke hannu ya ce mana zai koma gida. Ya ce ya gaji da zaman ƙasar mutane, ya ajiye aiki, zai je ya buɗe kamfaninsa na sola a Kano. Aka yi ta addu'a. Juma'ar da ta biyo muka yi masa walima da rago guda, kuma kamar yadda aka saba, kowa ya zo da saƙonsa na gida: wannan dabino, wancan turare, wani abayoyi. Ni na ba shi na'urar awon hawan jini da kwalin dabino ya kai wa mahaifiyata. Ya ce da ƙafarsa zai je Zariya ya durƙusa ya gaishe ta, ya kuma faɗa mata irin halin ɗanta.

Na ce zan kai shi filin jirgi, ya ce motar kamfani za ta kai shi. Na ce to zan bi bayansu, ya ce jirgin na lokacin aikina ne, kada in ɓata da shugabana saboda Bakano. Tun a nan wani abu ya tsaya mini a rai, amma na haɗiye.

Saƙo ya isa, sai dai ba shi ya kai ba. Hajiya, mahaifiyar tawa, ta ce wani mutum ne daga masu jigilar kaya ya miƙo a ƙofar gida, ko ruwa bai tsaya ya sha ba. Na kira Injiniya a lambarsa ta gida, a kashe. Na tura masa saƙo, ya amsa bayan kwana biyu, ya ce hidima ce ta yi yawa, kuma sabis babu kyau a unguwarsu. A zaurenmu na waya yakan sa baki jefi-jefi, amma duk wanda ya kira shi ba ya ɗagawa.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne ƙungiyarsa. Mun sha ganin masu komawa gida, kuma mun san yadda abin yake ƙarewa. Makon farko za su yi canji, na biyu su manta, zuwa na huɗu za ka ga kyaftin ɗinsu yana kwance a asibiti an yi masa aiki a gwiwa, su ba su ma sani ba. Wuta, data, 'yan'uwa, biki, rasuwa, ba wanda ya dawo daga Saudiyya da zai samu sukunin tunanin ɗan bayan wata ƙungiya. Mu kan kira irin waɗannan ƙungiyoyi mushe. Ta Injiniya kuwa ta ƙi mutuwa. Sai ma ƙara lafiya da take yi. Duk wanda ya ji rauni ya fitar da shi a kan lokaci, duk yaron da ya fara haskawa ya riga kowa saye. Daga na biyar ya hau na biyu, ya ture ni, ya ɗare kan tebur. Wannan aikin mutumin da ba shi da abin yi ne, ba na mai buɗe kamfani ba.

Na kawo maganar a gaban faranti. Ɗaya daga cikin mutanen ofishin jakadanci ya ce wataƙila ɗansa ya ba wa ƙungiyar. Likita ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, in ci abinci. Na ci, amma na san ruwa ba ya tsami banza.

Wata Alhamis da yamma na je aski. Mai aski ya kama kaina ya shiga yi mini wa'azi a kan wani dogon ɗan baya na wata ƙungiya da ke can ƙasan tebur, wai kakarsa 'yar Sudan ce, wai a makon nan zai ci ƙwallo da ka. Ban taɓa jin sunan yaron a bakin kowa ba. Ran Asabar da aka rufe ƙofa na leƙa ƙungiyar Injiniya kamar yadda na saba, sai ga dogon yana tsaye a tsakiyar bayansa.

Na daɗe ina kallon wayar. Na ce ko ta waya suke magana? Amma Larabcin Injiniya na kasuwa ne, rabinsa da hannu yake yi, ba ya iya rubuta shi. Mai aski kuwa fatawarsa ba ta fitowa sai da kan mutum a hannunsa. Biri ya yi kama da mutum. Sai dai a aikinmu gwaji ɗaya ba ya isa, sai an maimaita.

Alhamis ta gaba na koma, ko da yake babu abin askewa a kaina. Na ce a gyara mini gemu. Ana cikin yi na rage murya na ce wa mai aski ina da labari, amma kada ya faɗa wa kowa. Na ce ƙanwar matata tana aikin jinya a Ingila, wanda gaskiya ne, kuma ta ji daga majiya mai ƙarfi cewa wani yaro ɗan benci na wata ƙaramar ƙungiya zai fara wasa ran Asabar, shi ne ma zai riƙa buga fanareti, wanda ƙarya ce tsagwaronta. Yaron ko minti ɗaya bai taɓa bugawa ba a kakar. Mai aski ya tsayar da almakashi, ya rantse cewa maganar ta mutu a nan. Na biya shi na fito ina jin kaina kamar wani babban ɗan sanda.

Asabar ta zo, aka rufe ƙofa. Na buɗe ƙungiyar Injiniya, ga yaron nan a gaba. Ba saye kawai ya yi ba, kyaftin ya naɗa shi.

Da yaron bai buga ba sam, da abin ya zo da sauƙi, don mataimakin kyaftin ne zai gaji ninkin. Amma sai da aka kusa tashi koci ya sako shi, ya shigo da gudu ya kwashe ƙafar wani, aka ba shi katin gargaɗi, alƙali ya busa. Maki ɗaya na shigowa, katin ya cinye shi. Injiniya ya rikito daga kan tebur, ni na hau. Zaurenmu ya kacame da dariya, ana tambayarsa ko zafin sola ne ya taɓa masa kai. Hoton fuska mai dariya guda ɗaya kawai ya turo.

Murnata ba ta daɗe ba. Na tabbatar da abin da nake zargi, Injiniya yana Riyad. Mutumin da muka yanka wa rago, muka rungume, yana nan cikin gari ɗaya da ni yana ɓuya. Raina ya ɓaci sosai. Na ce wato ni ne ban isa a faɗa mini gaskiya ba? Na shirya maganganun da zan gasa masa, na kuma shirya yadda zan baje labarin a gaban faranti ran Juma'a, Likita ya san cewa zaton nawa ba na banza ba ne.

Ran Litinin na tashi aiki da wuri na nufi Manfuha. Na ajiye mota nesa, na tako. Tun daga tsallaken titi na hango shi ta gilashin shagon. Yana zaune a kan bencin masu jiran layi, cikin wata jallabiya da ta sha wanki, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Takalmin da ke ƙafarsa ya yi furu-furu da ƙura. Yana riƙe da kofin shayi da hannu ɗaya, waya a ɗayan, mai aski yana yi masa bayani da tsintsiya a hannu. Sai na ga ya yi dariya, irin dariyarsa ta gaban faranti.

Ban tsallaka titin ba. Na shiga wani kantin kayan miya na tsaya ina juya albasa har mai kantin ya fara kallona. Da aka kira la'asar na ga ya fito ya bi lungu, sannan na shiga shagon.

Mai aski ya ce bai san wani injiniya ba. Na nuna masa kofin shayin da ko hucewa bai yi ba. Ya rufe ƙofa, sannan ya faɗa mini. Ba ajiye aiki ya yi ba, kamfanin ne bai sabunta kwantiraginsa ba, aka karɓe gidan da yake ciki. Yanzu yana raba ɗaki da wasu mutum huɗu a bayan layin. Iƙamarsa saura 'yan watanni, yana yawon kamfanoni ko zai samu wanda zai karɓi kafalarsa, ya tsaya masa ya ci gaba da zama a ƙasar. Iyalinsa a Kano sun sani, amma ya ce gara ya mutu da ya zauna a gaban abokansa ana tausaya masa. In ya gaji da yawo sai ya zo shagon ya sha shayi ya jera 'yan wasansa.

“Ya zol,” in ji mai aski, kamar yadda mutanen Sudan ke kiran mutum, “wannan wasan kaɗai ke sa shi dariya, kai kuma ka aiko masa da ƙarya ta bakina. Na ce masa daga ƙanwar matar wani kwastoma labarin ya fito, shi ya sa ya yarda. Don Allah kada ka kunyata shi.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Injiniya ya san ƙanwar matata, ya san inda take aiki. Ya san daga wurina maganar ta fito, ya ɗauka sirri ne na gaske ya kuɓuce mini, ya bi ta don ya yarda da ni.

Juma'ar nan ban baje labarin ba. Aka yi ta tsokanar Injiniya a bayan idonsa, ni ina ta tura shinkafa. Likita ya tambaye ni ina binciken nawa ya kwana, na ce na duba na ga ɗansa ne ke buga masa.

A asibitinmu ana gina sabon ɓangare, kuma na san shugaban masu aikin wutar, don matarsa ta sha zuwa gwaji wurinmu. Na same shi na yi masa magana, ya ce suna neman mutum, a turo shi. Na koma wurin mai aski na faɗa masa sunan kamfanin da wanda za a nema, na ce ya ce wani kwastoma ne ya ambata. Ya harare ni ya ce ko wannan ma daga Ingila ne? Sai da na rantse masa sannan ya yarda.

Daga nan ban sake jin komai ba. Na shiga sabon zargi. Ko mai aski bai faɗa ba? Ko ya faɗa, Injiniya ya gane hannuna ya ƙi zuwa don fushi? Ko ya bar unguwar gaba ɗaya? Ba ni da hanyar sani sai ƙungiyarsa, kuma a makon ko canji ɗaya bai yi ba. Yaron nan ɗan benci yana nan a gaba, da kambun kyaftin a hannunsa. Na ce shi ke nan, ta zama mushe, kuma ni na kashe ta.

Asabar ta biyu na buɗe ba tare da na sa rai ba. Sai na ga ja, ja, ja. Masu jar riga uku, iyakar abin da doka ta yarda a ɗauka daga ƙungiya ɗaya, kuma ɗayansu ne kyaftin. Mutumin da ya rantse a gaban faranti. Na gane amsata ce: saƙon ya isa, kuma ya san hannuna ne. Zaure ya sake ɗaukar ihu, ana cewa lallai Injiniya yana buƙatar addu'a. Ni ina zaune a falo na ƙura wa wayar ido, har matata ta tambaya ko rasuwa aka yi.

Bayan wasu makonni ya rubuta a zaure cewa wani kamfani ya matsa masa lamba sai ya dawo, ya rasa yadda zai yi da su, don haka yana tafe. Aka yi ta barka. Ran Laraba da yamma wayata ta yi ƙara, lambarsa ta nan ƙasar, wadda ya ce ya rufe.

“Bazazzagi,” ya ce, ko sallama bai gama ba, “mai dawowa daga gida ba ya zuwa hannu rabbana. Me kuke da shi a firiza?”

Na ce akwai kuka, akwai daddawa, akwai kilishi kaɗan, sai yajin Hajiya da aka kawo mini kwanan baya. Ya ce in ƙulla su ƙulli goma in kai wa mai aski. Na ce to. Can ya ce ƙanwar matata ba ta san ƙwallo ba, ya kashe wayar.

Ran Juma'a ya shigo gidan abincin da sabuwar shadda da jaka a hannu, aka tashi ana rungumarsa ana tambayar mutanen gida. Ya ce duk suna gaisuwa. Ya bi kowa da ƙullinsa, har da ni. Ina ta kallon fuskoki ɗaya bayan ɗaya ko zan kama wanda ya sani, ban kama kowa ba, kuma har yau ban yarda cewa ba su sani ba.

Likita ya kwance nasa ƙullin a nan take. Yajin mahaifiyata ne, wanda take daka shi da hannunta a Zariya, wanda Likita yake ci a gidana kowace Sallah tun zuwana ƙasar nan, har yakan roƙi a ɗiba masa. Ya barbaɗa a kan naman, ya kai baki, ya tauna a hankali. Sannan ya ɗago ya dube ni, ba Injiniya ba.

“Kai, Kanawa sun iya yaji,” ya ce. “Ko ba haka ba, Malam?”

Injiniya ya sunkuyar da kai yana gyara hannun rigarsa.

Na ce, “Sun iya, Likita.”